Rakiyar da Na Yi wa Baturiya

Matakala ce ta fara tarbata a ƙasar Ingila, tun kafin in san sanyinsu ko halin mutanensu. Mai tasi ya sauke ni a ƙofar wani tsohon gida na jan bulo, a wani gari na arewacin ƙasar da aka gina a jikin tudu, ya dire mini akwati ya ƙara gaba. Na tura ƙofa da sandata, sai ga bene ya miƙe tsaye a gabana, siriri, kamar tsanin hawa rumbu. Na ɗaga kai, ban ga ƙarshensa ba.

Sunana Lawal, mutumin Kusada ne ni, asalin gidanmu Dudunni. Shan inna ta taɓa ni tun ina rarrafe, ta bar ƙafata ta dama sai an ɗaura mata ƙarfe, ta hagun ma lallaɓawa take yi. Da sanduna biyu nake tafiya. A gida wannan bai taɓa tsare mini hanya ba. Babur ɗina mai ƙafa uku ke kai ni Kankia kowace safiya, inda nake koyar da lissafi a wata sakandare, gidajenmu kuwa in ka tsallake dokin ƙofa ka gama hawa. Saboda haka da Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara guda a waje, an ɗauke mini kuɗin makaranta da na abinci, ban zaci ƙafa za ta zama abin magana ba.

Ba wai ban yi shiri ba. Tun ina gida aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mazaunin garin, ana ce masa Sule Ejan, wai shi ke samar wa ɗalibai ɗaki. Na gaya masa halin da nake ciki, ban ɓoye komai ba. Ya turo mini hoton ɗaki a ƙasa, ga taga, ga banɗaki a gefe. Na sa hannu a yarjejeniya, na tura masa kafin alƙalami. To ga ni a gindin bene na kira shi a waya, sai cewa ya yi, "Malam, na ƙasan an ɗan samu matsala, an ba wani. Amma na sama ya fi ɗumi ma, wallahi gata na yi maka."

Gatan nan a can ƙololuwa yake, ƙarƙashin rufi, inda ko mai ƙafa biyu sai ya tsaya ya huta kafin ya kai. Banɗaki yana hawa na ƙasa da ni, kicin yana ƙasa gaba ɗaya. Na yi masa Allah ya isa a zuciya, sannan na jingine sanduna, na zauna a kan matakala, na fara hawa da baya ina jan jiki, kamar yadda na yi ta yi daga ranar.

Makonnin farko na yi ta maza. Makarantar tana can saman tudu, bas yana ajiye mutum a gindinsa, saura sai ƙafa. In ajina na safe ne, da na idar da asuba nake fara saukowa. Ina isa aji jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi, tafin hannuwana na zugi, in zauna a baya in yi ta haki har malami ya yi nisa. Wata rana in kai, wata rana in makara, wata rana kafaɗuna su ƙi ɗaguwa in wuni a kwance ina kallon rufi. A irin wannan wunin nake tuna Kusada. In tuna ranar kasuwa, 'yan acaba na danna mini ham suna "Malam Lawal, a ba mu hanya mana, babbar mota!" In tuna tuwon dawa da miyar kuka na matata Hindatu, sai in ji burodin da ke hannuna ya koma kamar soso. Kewa ta dame ni ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Rashin zuwa aji kuwa a can ba abin wasa ba ne ga baƙo. A ƙofar kowane aji akwai na'urar da kake kanga wa katinka, ita ke shaidar ka zo. In fashinka ya yi yawa, makaranta ta janye hannunta daga bizarka, masu ɗaukar nauyinka su janye nasu, ka tattara ka koma. Ni da aka yi mini walima a Kusada, har shugaban makarantarmu ya yi jawabi, in koma hannu rabbana don na kasa hawa bene. Wannan tunanin ya fi ciwon kafaɗa hana ni sakat.

Wata sakatariya a sashenmu ce ta ga yadda nake shigowa, ta ce in je ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman. A can aka yi mini bayani. Alawus ɗin da gwamnatinsu ke ba naƙasassu na 'yan ƙasa ne, ɗalibi baƙo ba ya ciki. Amma makaranta tana da asusunta na daban saboda irinmu. In an duba an ga kana buƙata, za su ba ka ɗaki a ƙasa kusa da azuzuwa su cika bambancin kuɗin haya, su ara maka keken guragu mai batir, su biya maka tasi ranar da hanya ta ƙi. Sai dai sai wata ma'aikaciyarsu ta zo ta ga inda kake zaune, ta yi maka tambayoyi.

Na fito jikina a sanyaye, don kalmar tallafi ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Babana manomi ne, bai yi boko ba, amma tun ina yaro ya yanke cewa ɗansa ba zai zauna a bakin hanya ya miƙa hannu ba, a kafaɗa ya riƙa kai ni makaranta. Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin rabon tallafi a gida. Wani mai neman kujera ne ya tara guragu da makafi a fili, muka wuni a rana, da ya iso aka jera mu, aka ɗora wa kowa ƙunshin shinkafa a cinya, aka ce mu yi murmushi za a ɗauki hoto. Na bar musu shinkafarsu a nan na hau babur ɗina. Tun daga ranar in aka ce tallafi, hoton nan nake gani.

Sule ya ji labarin za a zo duba ni, sai ga shi har sama, karo na farko da ya taka benen da ya saka ni. Ya zauna a bakin gado yana haki, ya ce, "Malam, harkar nan na san ta ciki da bai. Ranar da za ta zo ka kwanta ka lulluɓe. Ka ce ko cokali ba ka iya ɗagawa, wanka ma sai an yi maka. Ni zan tsaya a matsayin mai kula da kai, abin da ya fito mu san yadda za mu yi."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Sule, ka cuce ni, yanzu kuma so kake in taya ka cutar wasu? Sauka, tun ban taya ka sauka da sandar nan ba."

Da ya fita na ɗaura niyyar sai matar nan ta ga bambancina da irin su Sule. Baƙuwa za ta zo ɗakina, to za ta ga yadda mutanen Kusada ke karɓar baƙo. Ana gobe za ta zo ban je aji ba, na huta don in tara ƙarfi. Da safe na sha maganin ciwo, na share ɗaki fes, na ɓoye duk abin da bai kamata baƙo ya gani ba a ƙarƙashin gado. Na sauka kicin na dafa shinkafa da wake, na zuba a kula, na goya a baya na hau da ita, ga mai ga yajin da Hindatu ta daka mini. Na sa farin kaftani da hula. Da lokacin ya yi na sake sauka, na tsaya a bakin ƙofa ina jiranta, don ba a barin baƙo ya yi ta ƙwanƙwasa.

Wata Baturiya ce dattijuwa mai suna Helen, mai fara'a, da jaka a kafaɗa. Muka gaisa. Sai ga matakala. Ni da nake hawa da mazaunai, yau a gaban mace, baƙuwa, cikin farin kaftani? Na cije, na dafa ƙarfen gefe da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, na hau a tsaye. Idona har duhu yake gani, amma ina hawa ina yi mata hira, har da dariya.

Ta ci shinkafar, yaji ya sa ta hawaye, ta ce ta yi daɗi. Sannan ta buɗe kwamfutarta ta fara tambaya.

"Lawal, yaya kake fama da benen nan?"

Na ce, "Lafiya lau. Mun gode Allah, ana lallaɓawa."

"Banɗaki fa, da yake ƙasa?"

Mace ta tambaye ni banɗaki ina zaune ina kallonta! Na sunkuyar da kai na ce ba komai.

"Hanyar makaranta tana ba ka wahala?"

"Kaɗan dai, ba a rasa ba."

"Kana ganin kana buƙatar keke mai batir?"

Na ce, "A'a, kada in ɗora muku nauyi."

A wurinmu in aka yi maka tayi, ƙi kake fara yi. Ko yunwa za ta kashe ka, in aka ce bismillah sai ka ce alhamdu lillahi, ka ƙoshi. Mai gida ya san ba ka ƙoshi ba, sai ya sake, ka sake ƙi, ya rantse, ya turo kwanon gabanka, sannan ka sa hannu kana cewa ai da an bari. Haka aka yi da ni duk rayuwata. Ban taɓa roƙon a ɗaga mini babur daga cikin yashi ba, kafin in buɗe baki an ɗaga, ina cewa ku bar shi ana cewa kai dai Malam. Saboda haka da na ce wa Helen a'a, sai na gyara zama ina jiran ta sake tayi. Ta gyaɗa kai, ta ƙwanƙwasa wani abu a kwamfuta, ta wuce tambaya ta gaba. Na ce a raina za ta dawo kansa. Ba ta dawo ba.

Da ta tashi tafiya ta ce in yi zamana, ta san hanya. Ina! A yi baƙo ya fita shi kaɗai kamar an kore shi? Na ɗauki sanduna na bi ta, muka sauka tare, a tsaye. A bakin ƙofa ta sake cewa in koma. Na ce ai ko tashar bas na kai ta. Na taka mata har tasha, na tsaya sai da bas ya zo ta shiga, na ɗaga mata sanda. Bas na shan kwana na zube a kan bencin tashar. Yadda na koma sama ranar, Allah kaɗai ya sani, kuma sai da na yi kwanaki ban sauko ba.

Sakamako ya zo cikin ladabi, irin nasu. Sun ce an lura ina hawa da sauka da kaina, ina girki, ina tafiya har tashar bas ba tare da taimako ba, kuma ni da bakina na ce ba na buƙatar keke. Don haka sun ba ni ƙarin lokaci a jarrabawa, da izinin zama a kujerar gaba. Na karanta na sake karantawa, raina ya ɓaci. Na ce wato matar nan ta ci shinkafata ta je ta rubuta lafiyata ƙalau.

Sai hunturunsu ya shigo. Ƙanƙara ta zuba, ta narke, ta daskare a kan hanya kamar an shafa mai. Robar gindin sanda ba ta kama komai a kai. Fashina ya ƙaru, har malamin da ke kula da karatuna ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, yana magana yana kauda ido. Ya ce an rubuta mini gargaɗi na ƙarshe, in aka ƙara, abin ya fi ƙarfinsa. Ya tambaye ni ko akwai wata damuwa. Na ce babu, zan gyara.

Washegari na fito da niyyar ko da rarrafe sai na kai. Na sauka daga bas na fara hawa tudu, ban yi nisa ba sandar dama ta zame, ta hagu ta bi ta, na faɗi rigingine, jaka ta yi gefe, hula ta yi gefe. Wani saurayi ya tsaya a kaina ya ce, "Lafiya kake? Kana son taimako?" Na ce lafiya lau, na gode. Ya ce to, ya wuce. Wasu mata biyu suka tsaya, suka yi tambaya iri ɗaya, na ba su amsa iri ɗaya, suka wuce suna waiwaye. Ina kwance ruwan ƙanƙara na ratsa rigata, takaici ya ishe ni. Waɗanne irin mutane ne waɗannan, suna ganin mutum a ƙasa? Na ce da ƙarfi, da Hausa, "Wayyo Allah, ni Lawal na shiga uku!"

Sai na ji an ce a bayana, "Uku kau? Ai ka shiga tara, bawan Allah."

Na zaci sanyi ne ya taɓa mini kai. Wata mata ce baƙa, kakkaura, ta kai shekarun babbar yayata, cikin jibgegiyar rigar sanyi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ajiye jakarta, ta sa hannu ta ƙarƙashin hammatata, ta ɗaga ni irin ɗagawar wanda ya saba, ta miƙo mini sandunana, ta kakkaɓe hular ta kifa mini a ka.

Na ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Ta ce, "Kai zan tambaya. Wanga baki naka na Katsina ne."

Na ce Kusada.

Ta tafa hannu. "Kusada! Ashe ɗan ƙauyenmu ne. Ni a Kankia aka haihe ni, ubana na da kemis kusa da kasuwa. Sunana Ngozi, amma yaran unguwarmu Yaya suke ce mani, kai ma haka za ka ce."

Na ce Kusada ta daɗe da zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Ta ce wannan kuma mu ya dama, ita dai ƙauye ta bar ta. Ban san lokacin da na yi dariya ba, ga hawaye na zuba, na ce sanyi ne.

Ta ja ni wani shagon shayi da ke gefen hanya, ta zaunar da ni kusa da hita. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, daga wurin aiki ma take. Ta tambaye ni yadda aka yi mai sanduna biyu ke hawa wannan tudu a ƙanƙara, makaranta ba ta ba ni komai ba? Na kwashe labari na ba ta, har da shinkafa, ina jiran ta taya ni zagin Helen. Tun ina tsakiya ta fara dariya. Da na kai wurin rakiya sai ta kifa kai a tebur, har mai shago ya leƙo.

"Ka raka ta? Har tasha? Kai ƙanena, Allah shi shirye ka! To mi kake so ta rubuta?"

Na ce ai ita ma tana da ido, ya kamata ta gane kara nake yi.

Ta share hawaye ta ce, "Saurara in gaya ma. Mutanen ga in ka ce masu a'a, a'a suka ji. Ba mugunta ba ce. A wurinsu in suka matsa ma bayan ka ƙi, sun raina ka ke nan, sun maishe ka yaro. Waɗanda suka wuce ka a ƙasa yanzu, girmama ka suka yi. Ni kau na san ƙarya kake, don da ku na tashi."

Ta ce ana iya neman a sake dubawa, kuma wannan karon in ba su labarin ranar da ta fi kowace muni, kada in ba su na ranar da na sha magani na sa farin kaftani. Na ce wato in yi abin da Sule ya ce. Ta ɓata rai.

"Shi cewa ya yi ka ƙara gishiri. Ni cewa na yi kar ka rage. Abin da ke akwai shi za ka hwaɗi, ba ƙari ba ragi. Kuma ka bar ce ma tallafin ga bara. Ba mai jera ku, ba mai ɗaukar hoto. An aje abin ga ne don mai sanda shi kai aji lokacin da mai ƙahwa ya kai, shi ke nan."

Da yamma na kira Hindatu. Tun zuwana kullum lafiya lau nake ce mata, ranar na ce bari in fara gwada bakina a kanta. Na gaya mata benen, da faɗuwar, da gargaɗin. Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Malam, wata nawa kana cikin wanga hali kana ce mani lahiya lau?" Na ba ta haƙuri. Don in sa ta dariya na ba ta labarin Helen. Ta ce, "Au, Baturiya ce ka raka har tasha? Ni da ko zaure ba ka taɓa raka ni ba?" Muka yi dariya tare. Kafin ta ajiye ta ce in je in faɗa musu komai, in kuma na dawo gida saboda kara, ita da ni ne.

Zama na biyu a ofishinsu aka yi, an kuma yarda in zo da wanda nake so. Yaya Ngozi ta musanya ranar aikinta ta zo, ta zauna a bayana ta rungume jaka. Helen ce dai. Ta tarbe ni da fara'a, ta ce har yanzu tana tuna yajin nan. Ta ce in gaya mata yadda nake fama da bene. Bakina ya riga ni, na ce, "To, ana dai..." Sai na ji gyaran murya a bayana, mai ƙarfi, kamar na liman zai ta da salla.

Na haɗiye sauran. Na kafa ido a kan tebur na fara. Na ce da mazaunai nake hawa, da baya, jaka rataye a wuya, kuma ina saurarawa sai na ji ba kowa a hanya don kada a gan ni. Na ce ranar da ta zo ne kaɗai na taɓa hawa a tsaye, kuma bayan tafiyarta na yi kwanaki a kwance. Na ce in na dawo daga makaranta ba na iya sauka kicin, sai in ci burodi da ruwa. Na nuna mata tafin hannuwana. Ta tambayi banɗaki. Na so in kauce, aka sake gyaran murya, wannan karon a hankali. Na ce daga la'asar nake daina shan ruwa don kada in buƙaci sauka. Na ce akwai wani bokiti mai murfi a ƙarƙashin gadona, wanda na ɓoye ranar da ta zo. Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba, ni malamin makaranta, mai mata, a gaban mata biyu. Gumi ya karyo mini, amma da maganar ta fita sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Helen ta daina rubutu. Fuskarta ta yi ja. Ta ce, "Lawal, na zauna a kan gadon nan na ci abincinka. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Ke baƙuwata ce. Ba a tarbar baƙo da kuka."

Sannan ta ce ita ma ta yi kuskure, da ta ga gumin da nake yi a bene ya kamata ta sake tambaya. Ta juyo da kwamfutar ta ce za mu bi tambayoyin daga farko. Da muka zo kan keke ta ce, "Kana buƙata?" Na ji a'a ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta na ce e, ina buƙata. Yaya Ngozi ta ce daga baya, da Hausa, "Alhamdu lillahi, yau ƙauye ya waye."

Abin bai ɗauki lokaci ba. Suka ba ni ɗaki a ƙasa a gidan kwanan ɗalibai, ƙofarsa mai faɗi, banɗaki a ciki da ƙarfen dafawa a bango. Masu ba ɗalibai shawara kan haya suka duba yarjejeniyata, suka ga ɗakin da aka yi mini alkawari daban da wanda aka ba ni, suka raba ni da Sule ba tare da na ɗaga murya ba. Ofishin ya yi wa sashenmu bayani, malamina ya kira ni ya ce an soke gargaɗin, fashin baya ma an ɗauke shi a matsayin uzuri. Na fito daga ofishinsa na jingina da bango, na yi ta hamdala. Ba zan koma Kusada hannu rabbana ba. Rabon da in yi numfashi ya kai mini har ciki irin na ranar, tun ina gida.

Keken ya iso ana gobe za a koma aji bayan hutu. Da safe na hau, na soke sanduna a bayansa, na fita. An zuba ƙanƙara, amma an share hanyar cikin makaranta an watsa mata gishiri. Da ɗan yatsa ake tuƙa shi, hannun dama kawai. Ina cikin tafiya na lura hannuna na hagu yana kan cinya, ba ya aikin komai. Tun da na fara tafiya a duniya hannuwana biyu a kame suke, ko da sanda ko da kan babur. Na rasa yadda zan yi da shi. Sai na ga wata 'yar rumfar shayi, ɗalibai na saye suna wucewa da kofi a hannu, abin da na daɗe ina gani ban taɓa sa kaina a ciki ba. Na tsaya na sayi nawa, na riƙe, na ci gaba da tafiya ina jin ɗuminsa a tafin hannu.

Da na isa ajin ba kowa, ko fitila ba a kunna ba. Rabin shayin ya zube mini a wando, don ba wanda ya taɓa koya mini tafiya da kofi. Na gyara tsayuwa a layin gaba, na shanye sauran rabin a hankali, ina jiran masu ƙafafu su iso.